Shabdrung Ngawang Namgyal: ɗan gudun hijirar da ya kafa Butan, aka ɓoye mutuwarsa shekara 54

Duk faɗin ƙasar Butan bai kai na jahar Maradi ba. Murabba'in kilomita 38,394 gare ta, alhali Maradi na da 41,796, kuma mutanenta baki ɗaya ba su cika dubu 800 ba, wato ba su kai yawan mazauna birnin Yamai ba. Tana maƙale a gangaren kudu na tsaunukan Himalaya, Sin ta tare ta daga arewa, Indiya ta kewaye sauran ɓangarorinta, kuma ba ta da mafita zuwa teku, kamar dai Nijar. Maƙwabtanta na da, masu addini da al'ada irin nata, duk an haɗiye su. Masarautar Ladakh ta rasa ƴancinta tun ƙarni na 19, Tibet ta shiga hannun Sin a 1951, Sikkim kuma ta zama jahar Indiya a 1975. Butan ce ta rage da sarkinta da tutarta.

In aka tambayi ƴan ƙasar inda wannan ya samo tushe, suna ɗaya suke kamawa, Ngawang Namgyal, wanda ya rayu daga 1594 zuwa 1651. Sun fi kiransa da laƙabin Shabdrung, ma'ana wanda ake faɗuwa a ƙafafunsa. Shi kuwa ba haifaffen ƙasar ba ne. Malamin addinin Buddha ne da ya sha kaye a rikicin gadon kujera a ƙasarsu Tibet, ya gudo kudu yana ɗan shekara 22.

Rikicin gado a Ralung

An haife shi a yankin Ralung na lardin Tsang, a tsakiyar Tibet, ƙasa mai tsananin sanyi da ke sama da mita 4,000 daga matakin teku. Gidansu, zuriyar Gya, su ke riƙe da shugabancin ɗariƙar Drukpa, ɗaya daga cikin rassan addinin Buddha na Tibet, tun zamanin wanda ya kafa ta, Tsangpa Gyare, da ya mutu a 1211. Kalmar druk sunan wata dabba ce ta almara mai kamar ƙaton maciji da ke yawo a sararin sama, wadda suka ɗauka tsawa kukanta ce. An ce Tsangpa Gyare ya ji tsawa a wurin da yake shirin gina gidan ibada, ya ɗauke ta bushara, ya sa wa ɗariƙarsa wannan suna. Shi ya sa har yau ƴan Butan ke kiran ƙasarsu Druk Yul, kuma hoton dabbar ne shimfiɗe a tsakiyar tutarsu.

Yaron ya taso a hannun kakansa Mipham Chogyal, shugaba na 17 a kujerar Ralung, yana ƙarami aka sa shi karatu da zane da sassaƙa. Yana ɗan shekara 12 zuwa 13 ya gaji kakan, ya zama na 18.

A Tibet ta wancan zamani hanya biyu ake bi a gaji babban malami. Akwai ta jini, daga uba zuwa ɗa ko daga baffa zuwa ɗan ɗan'uwa. Akwai kuma wadda ta samo asali daga imaninsu cewa babban malami in ya mutu yakan sake dawowa duniya a jikin wani jariri, sai a nemo yaron a ba shi kujerar mamacin da gonakinsa da almajiransa. Ngawang Namgyal na da ta farko ba gardama. Ta biyun ce ta jawo masa fitina. Mutanen Ralung sun ce shi ne Pema Karpo ya dawo, wani shahararren masani na ɗariƙar da ya mutu a 1592. Wani ɓangaren kuma ya tsai da Pagsam Wangpo, ɗan gidan sarautar Chongye. Tunda maganar ta haɗa da dukiya da iko, ba ta tsaya a hannun malamai ba. Sarkin Tsang, Phuntsok Namgyal, wanda a lokacin ya fi kowa ƙarfi a tsakiyar Tibet, ya goyi bayan yaron Chongye.

An nemi sulhu, Ngawang Namgyal ya je har fadar sarkin a Shigatse, aka rabu baram-baram. A kan hanyar komawa gida, a wani mashigin kogin Tsangpo, mutanensa suka yi rigima da tawagar wani malami na kusa da sarki a kan wa zai fara shiga kwalekwale, har aka yi asarar rayuka. Sarki ya samu abin da yake nema. Ya buƙaci diyya, ya kuma buƙaci a miƙa masa abu mafi daraja da gidan Ralung ya mallaka, wato Rangjung Kharsapani, wani ɗan gunki da suka yi imani ya fito da kansa daga ƙashin bayan Tsangpa Gyare lokacin da aka ƙona gawarsa. Wanda ke riƙe da wannan ƙashi shi ke riƙe da hujjar shugabancin ɗariƙa. Saurayin ya ƙi. Da ya tabbata sojojin sarki na shirin zuwa kama shi, sai ya ɗauki ƙashin ya nufi kudu a 1616. Labarin gargajiya ya ƙara da cewa baƙin hankaka ya gani a mafarki yana nuna masa hanya. Hankakan nan shi ne tsuntsun ƙasa a Butan a yau, kuma kansa ne ke bisa hular sarauta.

Ƙasar da ya tarar

Ba ƙasa ɗaya ya tarar ba. Mutanen Tibet na kiran yankin Lho Mon, ƙasar kudu, ko kuma ƙasar ganyayen magani, saboda dazuzzukanta. Daga yamma zuwa gabas kusan kilomita 300 ne, daga kudu zuwa arewa kamar rabin haka. Amma a cikin wannan ƴar tazara ƙasa na tashi daga kusan mita 100 a bakin filayen Indiya, inda ake zafi da sauro da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, har zuwa mita 7,570 a kan tsaunin Gangkhar Puensum, inda dusar ƙanƙara ba ta narkewa. Don mai karatu ya kwatanta, ƙololuwar duwatsun Bagzan a Ayar, wuri mafi tsawo a Nijar, mita 2,022 ne. Thimphu, babban birnin Butan na yanzu, a cikin kwari yake, amma ya haura mita 2,300.

Koguna ne suka tsara zaman mutane. Manyansu daga ƙanƙarar arewa suke gangarowa kudu su faɗa Brahmaputra, kowane ya haƙa kwarinsa mai zurfi. Tsakanin kwari da kwari akwai katangar tsauni. Mai son zuwa Punakha daga Thimphu dole ya hau mashigin Dochula mai mita 3,100 sannan ya gangara, tafiyar da a da kwanaki take ci a ƙafa. Saboda haka kowane kwari ya zauna da sarakunansa da malamansa, wani lokaci ma da harshensa. Har yau ana magana da harsuna kusan 20 a wannan ƴar ƙasa. Wasu dogayen tsaunuka da ake kira baƙaƙen duwatsu sun raba yamma da tsakiya da gabas, ta yadda mutumin Paro da mutumin Trashigang ba su jin maganar juna.

Abin da ya taimaki baƙon shi ne ba wurin da ba a san gidansu ba ya zo. Tun ƙarni na 13 wani malamin Drukpa, Phajo Drugom Shigpo, ya zauna a kwarurukan yamma ya hayayyafa, jikokinsa suka zama manyan gidaje a Thimphu da Paro da Punakha. A wurinsu, magajin Ralung ne da kansa ya sauka a ƙofarsu. Ta Laya da Gasa ya shigo, malamin gidan Hobtsho ya tarbe shi, daga nan aka yi ta ba shi gonaki da gidajen ibada. Sai dai akwai wasu ɗariƙu da suka riga suka kafu, musamman Lhapa, masu karɓar haraji da ƙwadago daga talakawa, waɗanda ba su ga dalilin da zai sa su sunkuya wa ɗan gudun hijira ba. Tarihin ƙasar na kiransu ƙungiyar malamai biyar. Kusan shekara 25 ya yi yana fama da su, kuma duk lokacin da Tibet ta kawo hari, su ke buɗe mata ƙofa daga ciki.

Harin farko bai jima ba. A 1617 sarkin Tsang ya aiko runduna ta kwarin Paro, mutanen yankin suka taru suka fatattake ta. Ƴan shekaru bayan haka sarkin ya mutu da ciwon agana, magana ta bazu a duk Himalaya cewa asirin Ngawang Namgyal ne ya ci shi. Bai musanta ba. Hasali ma sai ya tsara wani kirari na kansa mai layi 16, kowane layi na farawa da kalmar ni, aka sassaƙa shi a kan hatimin da ya zama tambarin mulkinsa. Mutum ne da ya gane cewa a wurin da ba ka da sojoji masu yawa, tsoron da ake maka shi ma runduna ne.

Mahaifinsa ya mutu a Tibet a 1619. Aka sato gawar aka kawo masa, ya ƙona ta bisa al'adarsu, ya gina gidan ibada na Cheri a arewacin kwarin Thimphu a 1620 don ajiye tokar. A nan ya tara almajirai 30 na farko, waɗanda su ne tushen majalisar limaman ƙasa da ke nan har gobe. A nan kuma ya shiga halwa ta shekara 3. Marubutan tarihinsa sun nuna a wannan lokaci ya yi ta kai da komo tsakanin zama mai zuhudu a kogo da kafa mulki, ya fito da shawarar kafa mulki.

Shaidar baƙi biyu daga Fotugal

Kusan duk abin da aka sani game da shi almajiransa ne suka rubuta, su kuwa ba su rabe tarihi da karama. Sa'ar da masana suka yi ita ce a 1627 wasu limaman Katolika biyu ƴan Fotugal, Estevao Cacella da Joao Cabral, sun biyo ta Cooch Behar suna neman hanyar Tibet, suka zama Turawa na farko da aka san sun taka ƙasar. Sun yi kusan wata 8 a wurinsa. Cacella ya rubuta doguwar wasiƙa daga Cheri ranar 4 ga Oktoban shekarar, kuma ta tsira.

Hoton da wasiƙar ta bayar na mutum ne ɗan shekara 33, mai dogon gemu, wanda ake ɗauka sarki kuma babban malami a lokaci guda. Ba ya cin nama ko kifi, madara da ƴaƴan itace ne abincinsa. Yana yawo daga kwari zuwa kwari da tantuna da kusan almajirai 100, yana da son karatu da zane, har da baƙin suka nuna masa wani hoton mala'ika da suka zo da shi ya zauna ya kwaikwaya. Ya karɓe su hannu bibbiyu, ya ba su ɗakin ibada, ya yarda su yi wa'azi, ya yi alkawarin gina musu coci a Paro. Abin da bai so ba shi ne su wuce Shigatse, fadar abokan gabarsa, domin zaman baƙi daga nesa a fadarsa ƙarin kwarjini ne gare shi. Sai da Cacella ya sulale ba sallama. A Shigatse ya mutu a 1630.

Ganuwa a bakin kowane kwari

Aikin da ya fi dawwamar da sunansa shi ne dzong. Dzong gini ne guda da ya haɗa ganuwa da fada da gidan ibada da rumbun hatsi. Katangunsa na dutse ne da dakakkiyar ƙasa, masu kauri daga ƙasa suna tsukewa zuwa sama, an shafe su da farar ƙasa, rufin da tagogin na katako. A al'adar maginansu ba a sa ƙusa, ba a kuma zana taswira a takarda, babban magini ne ke riƙe da ginin a kansa. Ciki an raba shi biyu, ɓangaren limamai da ɓangaren masu mulki, doguwar hasumiya a tsakiya. Tibet na da irin waɗannan ganuwoyi tun kafin shi. Sabon abin da ya kawo shi ne jera su bisa tsari, ɗaya a kowane kwari, a daidai inda hanya ko kogi ke tsukewa, har ya zamana ba mai wucewa da kaya ko da makami ba a gan shi ba.

Na farko shi ne Simtokha a 1629, a kan tudun da hanyoyin Thimphu da Paro da Punakha ke haɗuwa. Tun ana gininsa malamai biyar suka kai masa hari. A 1634 sojojin Tsang suka dawo, wannan karo har suka ƙwace Simtokha, shi kuma ya janye. Suna cikin kwasar ganima rumbun albarushi ya kama wuta, ginin ya tashi da su. Magoya bayansa suka ce ikon masu tsaron addini ne. Ko ma mene ne, rundunar ta watse.

A 1637 ya aza harsashin Punakha a wani tsibiri inda koguna biyu ke gamuwa, Pho Chu da Mo Chu, wato kogi namiji da kogi mace. Punakha na mita 1,200 ne kawai, ƙasa mai ɗumi da ke fid da shinkafa da lemu, don haka ya mai da ita mazaunin hunturu, Thimphu kuma ta damina. Limaman ƙasar har yau haka suke ƙaura sau biyu a shekara. Wangdue Phodrang ta biyo baya a 1638, a kan hanyar gabas da kudu.

Hari na uku, a 1639, ya iso har bakin Punakha, kuma abin da ake nema shi ne ƙashin nan na Ralung. Shabdrung ba shi da tsayayyen soja, manoma ne daga garuruwan kwarin ake kira in yaƙi ya taso. Labarin da ake bayarwa shi ne ya sa mutanensa su riƙa fita ta ƙofa ɗaya suna zagayowa su shiga ta wata, abokan gaba da ke tsallaken kogi suka ɗauka runduna ce ba iyaka. Sannan ya fito da jerin gwano zuwa bakin Mo Chu ya jefa wani ƙunshi cikin ruwa a gabansu, kamar ƙashin ne ya jefar kowa ya huta. Da suka ga abin da ya kawo su ya tafi, sai suka juya. Kowace shekara ana maimaita wannan a bikin Punakha, maza su yi shigar mayaƙan da, babban limami ya jefa lemu cikin kogin, samari su yi ta faɗawa ruwan sanyi suna tsamowa. Bayan wannan ne aka yi sulhu, sabon sarkin Tsang, Karma Tenkyong, ya amince da ikonsa a kan ƙasar kudu. A 1641 ya karɓe ganuwar Lhapa ta Thimphu ya sake mata suna Tashichho, sunan da fadar gwamnati ke ɗauke da shi a yau. Malaman da suka yi masa tawaye aka kore su aka ƙwace gidajen ibadarsu. Ba a yi musu sassauci ba.

Zaman lafiyar bai daɗe ba, domin a 1642 Gushri Khan, wani sarkin Mongol, ya rushe mulkin Tsang ya ɗora Dalai Lama na biyar a kan Tibet. Sabuwar gwamnatin Lhasa ta ɗariƙar Gelug ce, ta fi ta da ƙarfi, kuma ba ta son ganin daular wata ɗariƙa a kudancinta. Ta aiko haɗin gwiwar sojojin Tibet da Mongol a 1644, ta sake aikowa a 1648 zuwa 1649. Mahayan da suka saba da fili da sanyi suka tsinci kansu a cikin matsattsun kwaruruka masu kurmi da zafi, aka ci su duka biyun, aka rataye sulkunansu da makamansu a Punakha. Ganuwar Drukgyel da aka gina a 1649 a saman kwarin Paro, a bakin hanyar Tibet, sunanta na nufin nasarar Drukpa. Ta wani ɓangaren kuma sunansa ya kai nesa, har sarkin Ladakh, Sengge Namgyal, ya ba shi wasu ƙauyuka da gidajen ibada kusa da tsaunin Kailash a yammacin Tibet, Butan ta ci gaba da riƙe su har 1959.

Mulki mai kai biyu

Tsarin da ya shimfiɗa ya raba iko gida biyu. Je Khenpo shi ne babban limami, shugaban duk gidajen ibada. Druk Desi shi ke riƙe da sha'anin duniya, haraji da shari'a da yaƙi, kamar waziri. Ƙarƙashinsa akwai manyan gwamnoni uku da ake kira penlop, a Paro da Trongsa da Daga, sai masu riƙon ganuwoyin Punakha da Thimphu da Wangdue. Haraji hatsi ne da man shanu da tufafi da katako, sai aikin gayya na dole, wanda da shi aka ɗora waɗannan manyan gine-gine a kan bayan talakawa. An rubuta dokoki, an sassaƙa wasu a allunan dutse a ƙofar Punakha. Harshen da ake magana a cikin ganuwoyin ya zama Dzongkha, harshen hukuma na yau.

Ya kuma yi ƙoƙarin ganin mutanensa sun bambanta da na Tibet a ido. Gare shi ake danganta rigar maza ta gho, mai tsayawa a gwiwa da ɗamara, da ƙa'idojin ladabi na sutura da zama da gaisuwa da ake kira driglam namzha. Wannan gado na da kaifi biyu. A 1989 gwamnati ta wajabta waɗannan ƙa'idoji a kan kowa, har da masu magana da harshen Nepal na kudancin ƙasar, yawancinsu mabiya addinin Hindu. Rikicin da ya biyo baya, haɗe da sabbin dokokin zama ɗan ƙasa, ya ƙare da mutum sama da dubu 100 a sansanonin gudun hijira a Nepal. Masu tallar Butan a matsayin ƙasar farin ciki ba su cika son a tabo wannan ba.

A saman kawunan nan biyu kuwa shi ne da kansa, kuma nan ne raunin tsarin yake. Desi da Je Khenpo duk daga gare shi suke samun halacci. Ya so ya bar kujerar ga jininsa, shi ya sa ya yi aure ya haifi ɗa, Jampel Dorje, a 1631. Yaron na ƙarami ciwo ya kama shi ya bar shi ba ya iya magana sosai, balle mulki.

Halwar da ba a fito ba

Ranar 10 ga watan uku na kalandarsu, a 1651, Shabdrung, yana da shekara 57 kuma ba shi da lafiya, ya shiga wani ɗaki a Punakha, aka sanar cewa ya shiga halwa. Ba wanda ya yi mamaki, an san shi da haka. Masana tarihi sun yi ittifaƙi cewa a wannan lokacin ya mutu. Tenzin Drukgye, tsohon almajirinsa ɗan gidan Hobtsho, wanda ya zama Desi na farko, tare da sarkin ɗakinsa da wasu ƙalilan, suka rufe maganar.

Dalilinsu a fili yake. Shekara 2 kacal da korar sojojin Lhasa. Gabashin ƙasar bai shigo hannu ba. Magaji ba shi da lafiya. In kuma aka ce a nemo jaririn da mamacin ya dawo a jikinsa, ba abin da zai hana a ce an same shi a Tibet, a hannun abokan gaba, rikicin da ya koro shi daga Ralung ya maimaita kansa. Sai aka ci gaba da kai abinci ƙofar ɗakin a kan lokaci, ana kaɗa ƙararrawa, umarni na fitowa a rubuce da hatiminsa. Manyan baƙi su zo su yi gaisuwa daga waje a ba su albarka su koma.

A cikin waɗannan shekaru na ɓoyo ne Butan ta ɗauki siffar da take da ita a taswira. Minjur Tenpa, gwamnan Trongsa, ya ci kwarurukan tsakiya da na gabas ɗaya bayan ɗaya a shekarun 1650 da sunan mutumin da ke kwance a mace, aka gina ganuwar Trashigang a 1659. Tibet ta sake kawo hare-hare aka mai da ta. Tenzin Rabgye, Desi na huɗu, ya gina gidan ibadar Taktsang a 1692, wanda ke manne a jikin dutse sama da kwarin Paro, hoton da aka fi sanin ƙasar da shi a yau. Abin dariya, su ma mutanen Lhasa sun yi irin wannan dabara, da Dalai Lama na biyar ya mutu a 1682 wazirinsa ya ɓoye mutuwar kusan shekara 15. Ta Punakha ta ninka wannan fiye da sau uku.

Da wuya a ce kowa ya yarda har ƙarshe. Ya zuwa 1700 mutumin da ake cewa yana halwa ya haura shekara 100. Ga alama manya da yawa sun gane, amma ba wanda ke da riba a faɗa. Jampel Dorje ya mutu wajen 1681, ƴar da ya bari ita ma ta mutu kafin ƙarnin ya ƙare, jinin Shabdrung ya yanke. Sai wajen 1705 aka buɗe ɗakin aka sanar da mutuwar. Bayanin da malamai suka bayar shi ne a lokacin ne ruhinsa ya bar jikin, ya rabu haske uku, na jiki da na magana da na zuciya, kowane zai dawo a jikin yaro dabam. Dabara ce ta raba gardama tsakanin masu da'awa, amma sai ta ba kowane gwamna mai buri damar riƙe nasa yaron.

Shekara 200 da suka biyo baya na juyin mulki ne da yaƙin basasa. An yi Desi sama da 50, da yawansu tsige su aka yi ko aka kashe su, gwamnonin Paro da Trongsa na ɗora wanda suke so. A 1865, bayan yaƙi da Turawan Ingila, Butan ta rasa filayen kudu masu albarka a yarjejeniyar Sinchula. Duk da haka ƙasar ba ta tsage ba, domin masu faɗan kujerar Punakha suke nema, ba wanda ya nemi ɓallewa da kwarinsa. Ganuwoyin da majalisar limamai da dokokin sun riga sun kafu a shekarun da ake mulki da sunan mamaci.

Gwamnan Trongsa, Ugyen Wangchuck, shi ya kawo ƙarshen rikicin bayan ya ci abokan hamayyarsa a Changlimithang a 1885. Ranar 17 ga Disamban 1907 manyan ƙasa da limamai suka sa hatiminsu a takarda a Punakha suka naɗa shi sarki na farko, sarautar da za a riƙa gada daga uba zuwa ɗa. Kujerar Desi ta mutu, ta Je Khenpo ta rage. Masu da'awar su ne Shabdrung ya dawo kuwa suka zama ƙaya ga sabon gidan sarauta. Jigme Dorji, na ƙarshe da hukuma ta amince da shi, ya mutu a gidan ibadar Talo a 1931 yana ɗan shekara 26, kuma masana da dama na ganin kashe shi aka yi.

Gawar Ngawang Namgyal na nan a Punakha, a cikin akwati a rufe a ɗakin ibadar da ake kira Machen, ƙashin Ralung ma na cikin ganuwar. Ban da limamai biyu masu kula da ɗakin, sarki da Je Khenpo ne kawai ke shiga. Ranar da ya shiga halwa hutu ce a duk ƙasar. Sarkin yanzu, Jigme Khesar Namgyel Wangchuck, na biyar a gidansu, sai da ya je gaban akwatin ranar 1 ga Nuwamban 2008 ya karɓi gyalen siliki mai launi biyar, kamar yadda iyayensa suka yi, kafin a aza masa hular hankaka a Thimphu bayan kwana 5.